Hannun da Ya Rufa wa Kawunanmu Asiri

Yaya ta rasu kwana tara bayan Sallar layya, a daminar da katangar masallacin unguwarmu ta zube, shekara biyu bayan wahalar canjin kuɗin nan da ta sa masu abin hannu kwana da yunwa. Ta riga ni zuwa duniya da yaye biyu. An kai ta ɗakin miji a Gwaram shekarar da Turawa suka naɗe tabarmarsu, ni kuma aka kawo ni Birnin Kudu ana gab da fara yaƙin basasa. Mu duka a Kiyako aka binne mana cibiya. 'Yar kawuna ce, wato taubashiyata, kuma ita ce makitsiyata tun ban san ciwon kaina ba har watan da ta kwanta ciwo. Ban yi boko ba, hannuna bai san alƙalami ba, amma na ce a rubuta yadda na faɗa, kada wani ya gyara mini magana.

Ranar sadakar uku gidan bai ɗauki jama'a ba. Maza a ƙofar gida suna ta cewa mai zumunci ce, kuma ba su yi ƙarya ba. A tsakar gida matan da ta yi wa kitson aure suka cika tabarmi, wasu da jikokinsu. Wata tana kuka tana cewa, "Ranar kitson aurena sau uku ta ranƙwashe ni, wallahi har yau in na taɓa wurin sai na ji." Aka yi dariya da hawaye a fuska.

Mu tsofaffi muna can gefe, gindin rumbu. Mai shigowa ta ce, "Ya haƙuri?" mu ce, "Mun gode Allah." Ban da wannan ba mai cewa komai. Sai dai na lura kowace a cikinmu, jim kaɗan, sai ta kai hannu ta gyara ɗankwali, alhali bai goce ba. Wata ƙawarmu ta ƙuruciya da ke aure a Surko ta matso ta ce mini a kunne, "Ke, yanzu kuma sai wa?"

Na ce, "Sai wa me?"

Ta ce, "Rabu da ni, kin sani sarai."

Na sani kuwa. Alherin Yaya mafi girma ba wanda ya ambace shi a makokin nan, domin duk wadda ta buɗe baki ta faɗa, ta tona kanta. Ni ma ranar na yi shiru. A ƙarƙashin ɗankwalina akwai kitso guda biyar da ta yi mini kafin ta kwanta, kuma akwai abin da ido bai gani ba shekara goma sha bakwai sai idonta. Tunanin da ya hana ni cin tuwon sadaka ke nan: in kitson nan ya tsufa, gaban wa zan zauna in cire ɗankwali?

Bari in fara daga fari, don a san kan da ake magana.

Kakata ta wajen uba Bafulatana ce, kuma ni na ɗauko gashinta. Ba yabon kai ba ne, a tambayi duk wanda ya san Kiyako a lokacin. In aka tsefe mini kai, gashin har gadon baya yake sauka, baƙi wuluk, matsefi biyu na karya kafin aure. Yaya tana cewa, "Allah ya ba ki gashi ya hana ki zama wuri ɗaya." Takan zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, ta danne kaina a cinyarta, ta ɗauki kibiya, wato ɗan ƙarfen nan mai tsini da ake tsaga gashi da shi. In na motsa, gindin kibiyar ne zai sauka a tsakar kaina. Ita ta yi mini zanen yawo ina budurwa, sirara-sirara kamar an ja da allura. Ita ta yi mini doka ranar aure. Yaran yanzu ba su san doka ba. Kwanciya ake yi rubda ciki, a tattaro gashi a ɗora shi a kan naɗin tsumma ya tashi kamar tozo daga goshi zuwa ƙeya, a shafe shi da shuni da man shanu har ya riƙa ƙyalli. Tun hantsi ake farawa, sai la'asar a tashi, wuya ya ƙage. Amma in kin fito, ko kishiyar uwarki sai ta ce masha Allah.

Abin da ya bambanta Yaya da sauran makitsa shi ne ba ta tambayarki wane kitso kike so. Sai ta cusa yatsu cikin gashin, ta shafa daga goshi zuwa ƙeya kamar mai auna hatsi, sannan ta fara. Takan ce, "Kai ma yana da shekarunsa, kuma ba ya ƙarya irin ta baki." Mai jego takan yi mata kalaba manya-manya, wai ba ta da lokacin ƙaiƙayi. In mace ta haura arba'in, sai ta fara sassauta hannu a goshi, ta bar 'yan gashin gaba su huta, ba ta jan su. In furfura ta shigo, sai ta canza tsaga, ta bi da ita inda farin zai kwanta a ƙasa baƙin ya hau kansa. Kitson da take yi miki talatin zai koma ashirin, ashirin ya koma sha biyu, kuma ba za ta taɓa ce miki ta rage ba. Ke ce wata rana za ki shafa kanki ki ji hanyoyin sun yi faɗi.

Ranar Laraba ta tsofaffi ce. Ran nan ba ta kitso a tsakar gida. A ɗaki take yi, ta saki asabari, mace ɗaya ta shiga, sai ta ɗaura ɗankwalinta sannan ta biyu ta shigo. Ba madubi a ɗakin. Jikokinta sun san ko leƙe ba a yi. Ina da ƙarfina a lokacin, nakan yi mata tsiya in ce, "Yaya, yau ranar gyaran tsofaffin ƙore ce?" Sai ta ce, "Ki yi dariyarki, Larabarki tana tafe a ƙafa."

Faɗanmu ya zo ne a bikin autata. Na shiga mota tun da safe na tafi Gwaram, na ce mata, "Yau ni zan zaɓa. Shuku nake so, ƙanana, irin wanda ake yayi. Uwar amarya ce ni, kuma dangin ango daga Kano za su zo."

Ta cusa yatsunta kamar yadda ta saba. Ta daɗe a tsakar kan. Sannan ta ce, a hankali, ba kowa a wurin, "Kanki ba zai ɗauka ba."

Na ce, "Kan wa?"

Ta ce, "Naki. Saiwar ta yi laushi a tsakiya. In na ja shi sama yadda shuku yake so, zai biyo hannu. Bari in yi miki guda goma sha huɗu masu kyau, in kwantar da su baya."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na ce mata hannunta ne ya tsufa, ba kaina ba. Na ce ta daɗe tana baƙin cikin gashin nan tun muna yara. Wannan maganar ƙarya ce, na san ƙarya ce tun tana bakina, amma na faɗa. Ba ta rama ba. Ta goge kibiyarta da gefen zane ta ce, "Allah ya kai ki gida lafiya." Na ɗaura ɗankwali a kan tsefaffen kai na fito.

A Birnin Kudu na sami wata yarinya mai shago, mai saurin hannu. Ba laifinta ba ne, abin da na ce shi ta yi. Ta ja, ta ɗaure, har girata ta ɗaga sama. Kwana uku na biki ina taƙama, ina barin ɗankwali ya ɗan zame don a gani. Kwana na biyar ƙuraje suka feso. Da na zo tsifa, kitson tsakiya ya riƙa fitowa a hannuna ɗungurungum, da saiwarsa. Na zauna a bakin gado ina kallonsa a tafin hannu kamar ba nawa ba. Na shafa man kaɗanya, na shafa man shanu, na wanke da karkashi, ba abin da ban yi ba. Wurin ya warke, amma ya warke sumul kamar bayan ƙwarya. Goshi ma ya ja baya.

Shekara biyu muna gaba. In mun haɗu a suna ko biki, sai gaisuwar fatar baki. Ni nake kama 'yan abin da ya rage in murɗe da kaina, ƙofa a rufe. Mai gidana kaɗai ya gani, bai kuwa taɓa tanka mini ba, Allah ya saka masa, ya tafi da shi kabari.

Rasuwarsa ce ta kawo ranar da nake tsoro. Mace in ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, mata ne ke taruwa a tsefe ta, a wanke mata kai, a yi mata kitso a tsakar gida, a ce ta fito. Surukaina, matan 'ya'yana, har sun yi magana da makitsiyar unguwa. Babbar cikinsu tana ta murna tana ce wa sauran, "Yau za ku ga gashin Inna da ake ba ku labari." Ina ɗaki ina jin su. Ina makokin miji, amma Allah ya gani, safiyar nan ba shi nake tunani ba.

Sai na ji sallama. Yaya ce, da 'yar jakarta a hammata, ƙurar mota a ƙafa. Ba wanda ya aika mata. Ta gaisa da kowa, ta dubi makitsiyar unguwa ta ce, "Sannu 'yar nan, amma kan nan ni na fara shi, kuma ban ce na gama ba." Ta dubi surukaina ta ce, "A kawo ruwan ɗumi a ajiye a bakin ƙofa. Taubashiyata ce, zagi zan yi mata, ba na son shaida." Ta shigo ta saki labule.

Na kasa ɗaga ido. Ita ta warware ɗankwalin da hannunta. Ta dubi tsakar kan. Na jira ta ce ai na faɗa miki, domin ni da na faɗa. Sai ta ce, "To, gona ta sha ruwa. Matso mu ga inda shuka ta tsira."

A nan na fashe da kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza. Ta bar ni na yi, tana wanke mini kai. Sannan ta ɗebo gashin gefe da gefe, ta kitsa shi sako-sako, ta tsallakar da shi ta kan wurin kamar ana rufin ɗaki. Na ce, "Yaya, ki ƙara mini da na kanti mana, kowa yana yi." Ta ce, "Ba na ɗora wa mai salla gashin da ban san mai shi ba." Sai ta zaro wani baƙin ƙyalle daga jakarta, ta naɗe shi kamar ɗan ƙaramin gammo, ta ɗinke, ta ɗora a tsakar kaina, ta ɗaura ɗankwali a kai. Ɗankwalin ya tashi ɗas, kamar akwai tulin gashi a ƙasa. Ashe da ƙyallen ta taho tun daga Gwaram. Ta san abin da za ta tarar tun ranar da na fita daga gidanta.

Da muka fito, babbar surukata ta ce, "Haba Inna, ko ɗan gani ba za mu yi ba?" Yaya ta ce, "Ido yana cin gashi. Ki tsaya ki haifi mai irinsa."

Tun daga ranar na shiga layin Laraba. Duk bayan sati shida ina hanyar Gwaram. 'Ya'yana suna cewa, "Inna, makitsa sun ƙare ne a Birnin Kudu?" In ce musu gashina ba na kowane hannu ba ne. Haka jikokina suka tashi suna jin cewa gashin kakarsu har gadon baya, ni kuwa ban taɓa ƙaryata su ba. A bakin ɗakin Yaya nakan tarar da matan da na sani tun muna tallar gyaɗa. Mu gaisa, mu yi hirar jikoki da ciwon gwiwa, kowace ta shiga ta fito da ɗankwali a tsaye. Sau ɗaya na taɓa gwada ta. Na ce, "Yaya, ita waccan ta Surko, nata ya fi nawa?" Ta sauke mini gindin kibiya a ka, ina da jikoki goma sha ɗaya, ta ce, "Da ta tambaye ni naki, me kike so in ce mata?"

Kitson ya yi ta raguwa. Tara, bakwai. Baƙin ya ƙare, ba sauran abin da za a rufe farin da shi, sai ta ce, "Bar shi, audugar Allah ce." Zuwana na ƙarshe sau biyu kibiya tana faɗuwa daga hannunta. Guda biyar ta yi, ta huta tsakanin kowane. Da ta gama ta bar tafinta a kaina ta ce, "Ki fara neman wani hannun."

Na ce, "Ba na so."

Ta ce, "Girman kai dai bai zube ba, shi."

Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka. Ni na tsefe ta, na raba gashinta uku na kitsa kamar yadda ake yi wa mace in za ta koma ga Ubangijinta. Ni da ban taɓa yi mata kitso ba tana da rai. Abin da na gani a kanta ba zan faɗa ba.

Aka yi bakwai, aka yi arba'in, kitso biyar ɗin nan yana kaina. Ya yi tsamo-tsamo, ƙaiƙayi ya hana ni sakat, in na yi alwala sai in ji warin kaina. Amma in na kai hannu zan tsefe sai in tuna yatsunta ne suka bi wurin, kuma in na warware shi ke nan, babu wani. Ga shi kafaɗata ta daina ɗaguwa, ko na tsefe ba zan iya kamawa da kaina ba.

Sai dabara ta zo mini, irin tawa. Yaya tana da ƙanwa a Kiyako wadda idonta ya rufe shekaru da yawa, kuma ita ma ta iya kitso da can. Na ce to, ga hannun da ba shi da ido. Na hau babur na tafi. Muka gaisa, muka yi kukanmu, na zauna a gabanta na cire ɗankwali. Ɗan gammon ya faɗo a cinyarta. Ta ɗauka ta murza shi, ta ajiye. Ta ɗora hannu a kaina, yatsun suka tafi kai tsaye tsakiya suka tsaya.

Ta ce, "La ilaha illallahu. Ke ce kuwa? Tun yaushe?"

Na ce, "Tun bikin auta."

Ta ce, "Kullum nakan ce mata, Yaya, gashin 'yar goggo yana nan? Sai ta ce yana nan inda Allah ya ajiye shi." Ta yi dariya har da tari. "Wato don ba na gani kika zo? Ke, hannu ya fi ido tsegumi. Kawo naki hannun."

Ta janye ɗankwalinta ta ɗora tafina a kanta. Nata ma haka yake, har ya fi nawa faɗi. Ni ma ban taɓa sani ba. Muka zauna, tsofaffi biyu, kowace hannunta a kan 'yar'uwarta, muna dariya muna share hawaye.

Ita ta tsefe mini biyar ɗin, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo na ƙarshe na riƙe mata hannu. Ta ce, "Saki. Yaya ba a cikin kitson take ba." Na saki. Ta wanke mini, amma ta ce yatsunta sun ƙage, ba za su iya kamawa ba. Ta ce, "Kina da surukai uku a gida. Shekara nawa ya rage mana da za mu kashe wajen ɓuya?"

Washegari da hantsi, bayan na dawo, na shimfiɗa tabarma a tsakar gidana, ba a ɗaki ba. Na kira babbar surukata na ce ta zo da matsefi. Na cire ɗankwalin da kaina. Ta tsaya da matsefin a hannu, sauran biyun suka bar wanke-wanke. Na ce, "Ga gashin da ake ba ku labari. Wadda ta rufa shi ta tafi. Ku zauna in gaya muku ko wace ce ita, domin abin da aka faɗa a makokinta bai kai rabi ba." Ta durƙusa a bayana, ta ɗora hannu a hankali ta ce, "Inna, guda nawa zan yi?" Na ce, "Ki shafa ki ji, kan zai gaya miki." Huɗu ta yi. Hannunta da nauyi, tsagarta a karkace, amma ba ta ja goshi ba.

Allah ya jiƙan Yaya, ya rufa mata asiri ranar da ba ɗankwali, kamar yadda ta rufa mana. Ya sa kabarinta ya yi mata faɗi da haske.

Cikin waɗanda aka yi wa doka da shuni a Kiyako, mu uku muka rage. Ƙanwar Yaya da ba ta gani. Ƙawarmu ta Surko, wadda har yanzu ɗankwalinta yake a tsaye, kuma ba ni zan tambaye ta ba. Sai ni, mai kitso huɗu.